Allon da Auta Ya Sa wa Mai Ƙwai

Tun ranar da aka dasa mata allon nan a mota, Mai Ƙwai ta daina yin waƙa a bayan sitiyari.

Sunan ya bi ta ne tun tana ɗaukar kiret ɗin ƙwai a ka, bayan mijinta ya rasu ya bar mata yara da ɗan akurkin kaji. Daga ka ta koma baro, daga baro ta sayi tsohuwar motar nan, ta sa aka cire kujerar baya don kiret ya zauna daram. Masu gasa burodi da masu shaguna sun san ƙarar injinta tun daga nesa. Kuma ba ta taɓa yarda da kyautar da ba ta da dalili ba. In mai gonar kajin da take sari ya ƙara mata kiret a banza, sai ta fasa ƙwai ɗaya a gabansa ta sunsuna.

To sai ga Auta, ɗanta na ƙarshe, ya karɓi makulli wai zai kai motar wanki, ya dawo da ita ba tsohon rediyonta. A gurbinsa wani allo ne mai faɗin faranti.

"Kyauta ce, Inna. Ki ji waƙoƙin wayarki, ki amsa kira hannunki na kan sitiyari. Har taswira akwai."

"Taswira? Ni za a nuna wa hanya a garin da na haife ka?"

"Ai haka ake sayar da shi, ba don ke ba ne."

Ya faɗi haka yana duban taya, shi da ko iska bai taɓa ba ta ba.

Ta san inda maganar ta samo asali. Kwanakin baya ta shiga shataletalen da ta yi rabin rayuwarta tana bi, sai kawai ta rasa mafita. Ta yi ta zagaye, daga bisani ta dawo gida da ƙwan mutane a mota, ta ce faci ta yi. Tun daga nan 'ya'yanta suka ɗauko zancen hutu, wai ta wahala, wai lokaci ya yi. Makullin suke so. Hujja kawai suka rasa.

Washegari ta nemo rumfar mai haɗa rediyon. Ta same shi cikin tulin sifikoki da wayoyi masu launi, yana fere wata da haƙori.

"Ɗan nan, me ka binne mini a mota?"

"Haba Mama, rediyo ne kawai."

"Rediyo ne ya kai ka ƙarƙashin sitiyari? Na ga sababbin sukurori."

"Wayar wuta na ja."

"Zuwa wayar wa?"

Ya tuntsire da dariya. "Mama, da kin shiga ɗan sanda, da ɓarayi sun koma noma!" Amma dariyar ta yi tsawo, kuma har ta gama bai ɗago ya dube ta ba.

Sai ta shirya nata gwajin. Da ta sauke kiret na ƙarshe, maimakon gida sai ta miƙe can ƙarshen gari, layin 'yan katako, inda ba ta da ko mai sayen ƙwai ɗaya. Ta faka, ta bar injin yana aiki, ta harɗe hannu. Can ƙasan ranta tana fatan ta ji kunya, a ce zargin banza ta yi wa yaron.

Can sai kiran Auta ya shigo, sifikokin ƙofofin motar suka ɗauki ƙara gaba ɗaya. Ta danna allon da ɗan yatsa kamar mai taɓa tukunyar zafi.

"Inna, ya aiki? Na ce bari in ji muryarki."

"Yaushe muryata ta yi daɗi haka?"

"A'a, wai dai... kina lafiya? Kin san inda kike?"

"Kai da ka sani, faɗa mini mana."

Tana jin numfashinsa ta kowane lungu na motar.

"Katako na zo saya, sarkin sa ido," ta ce. "Kantar kiret ta karye. Ko shi ma sai na nemi izini?"

Ta kashe kiran. Ta kama shi dumu-dumu, har ta fara murmushi. Ta sa giya, ta dubi dama, ta dubi hagu. Rumfunan katako ne jere, iri ɗaya, ƙurar zarto ta rufe komai. Ta ina ta shigo? Ta nemi hanyar a kanta, ta tarar da fili fetal.

In ta tashi ta kama kewaye, Auta zai zauna da wayarsa yana kallon kowace kwanar da ta ɓata, kuma kafin ta isa gida ya kira yayyensa. Dole motar ta tafi kai tsaye, ba ko gargada.

Ta kashe injin, ta fito, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Ta nuna wani falanki da ba ta da abin yi da shi, kuma karo na farko a rayuwarta ba ta taya ba. Mai katakon, wani dattijo mai fensir a bayan kunne, ya cusa mata shi ta taga.

"Malam," ta ce, ta rage murya, ta ja shi nesa da motar. "Daga nan zuwa babban shataletale, ina ne ya fi sauƙi? Na sani fa, ramuka nake gudu."

Ya fara nuni da hannu.

"Sauke hannun. Faɗa mini da baki, a hankali. Ka kuma maimaita."