Hannun Ƙarshe a Kan Kujerar Mai Koko

Shekara biyu na yi a ofishin wani Alhaji a Ashanti New Town, mai shirya wa mutane tafiya Makka. Ni na haɗa masa rumbun bayanai a kwamfuta, teburi, wato jerin sunaye, na maniyyata daban, na kujeru daban, lamba ce ke ɗaure su. Na kuma san inda yake yoyo. Ba ya riƙe tarihi. In an taɓa layi, sunan wanda ya taɓa a ƙarshe kawai yake ajiyewa, na baya ya shafe.

Magatakardanmu wani dattijo ne daga Buokrom, mai danna haruffa da yatsa ɗaya. Na tsane shi, don kullum sai ya yi mini wa'azi a kan askina a gaban baƙi.

Wata Talata Alhaji ya ce in ɗauke kujerar wata tsohuwa mai sayar da koko a kasuwar Kejetia, in ba surukinsa. Na ɗauke. Sai ga sunana zaune a layin. Na ɓata ranar tashi da ke layin da gangan, na je na roƙi dattijon ya gyara. Ya gyara, sunansa ya hau kan nawa. Har godiya ya yi mini da na lura.

Da 'ya'yan tsohuwar suka cika ofis da ihu, Alhaji ya ce kwamfuta ba ta ƙarya, in buɗe kowa ya gani. Na buɗe. Dattijon ya daɗe yana kallon sunansa.

"Ɗana, ba ta nuna mene ne na canza?"

"Baba, suna kawai take nunawa."

Gaskiya na faɗa, kuma a lokacin daɗi na ji. A ranar aka sallame shi. Kafin Juma'a zango duk ya ɗauka cewa ya cinye kujerar tsohuwa, masallacin layinsu ma suka daina sa shi gaba ya ja salla.

Daga baya na ƙara teburin da ke ajiye kowane canji, tsoho da sabo. Amma teburin bai san komai da ya faru kafin ranar da na kunna shi ba.

Bara muka yi kiciɓis da dattijon a tashar trotro, motocin haya. Ya rame, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Kai ka san kwamfuta sosai paa. Ka ci gaba da duba mini, ko gaskiya ta fito. Kullum kana cikin addu'ata."

Na ce amin.