Zogalen Masar

Jiya na leƙa tsohon gidan marigayi Baffa a unguwar Ma'adi, a nan Masar, sai na tarar da kututture. An sare bishiyar katalfar da ya shuka! Na tsaya baki sake, mai gadi ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, mota za a riƙa ajiyewa a nan."

Lokacin yana tuƙi a ofishin jakadanci ne Baffa ya hango dogayen 'ya'yan katalfa suna reto a wani lambu, ya rantse zogale ne. Ya ɓare, irin ya fito fale-fale kamar takarda, amma ya kafe: "Zogalen Masar ke nan." Muka cika gwangwanaye da ƙasa. Zan danna irin da yatsa, ya riƙe hannuna.

"Ba a binne shi, ɗana. Lulluɓa masa ake yi, kamar mai barci."

Da ganyen ya fito kamar faifai, Inna ta haƙura da kwaɗon zogale. Shi kuwa bai fasa ban ruwa ba, wai bishiyar ta zama 'yar gida.

Na shafa kututturen, har yanzu da danshi. Allah Ya sa ƙasar da ke kan Baffa lulluɓi ce kawai.