Moutari, Ba Kai Ka Ƙarasa wa Baba Labarin Yaƙin Ba

Ranar Alhamis, 15 ga Oktoban 2015, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Moutari Hassoumi a Paris, yana da shekara talatin da takwas. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Lafiya lau ya bar gidansa na Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon, ya hau jirgin ƙasa don ya je duba tsoffin takardu. Yana zaune a ɗakin karatu zuciyarsa ta tsaya. Wallahi har yanzu ban gama yarda ba.

Moutari, kai ka tarye ni ranar da na iso Lyon, ka tuɓe rigar sanyinka ka ba ni tun kafin ka san sunan ubana. Shekara tara muna tare, ni ina aiki a masana'anta a Saint-Fons, kai kana jami'a kana binciken yadda Amurkawa suka ƙwaci kansu daga hannun Ingila. Na sha yi maka tsiya, wai ɗan Damagaram ya rasa abin karantawa sai rigimar Turawa a kan harajin shayi. Sai ka yi dariya, ka turo mini kwanon shinkafa.

Babban ɗalibinka yana can gida: mahaifinka, Malam Hassoumi, wanda idonsa ya daina gani. Kowace Juma'a in ya sauko daga masallaci sai ya yi maka bip, wayarka ta yi ƙara sau ɗaya ta katse, kai kuma ka kira, ka ba shi labarin yaƙin kaɗan-kaɗan. Tsohon ya yi aikin tilas zamanin da Faransawa ke mulkin ƙasarmu, don haka tun ranar farko ya shiga bayan Amurkawa. Da ya ji sun zubar da shayi a teku ya ce asara ce, amma sun yi daidai. Da ya ji sojojinsu suna taka ƙanƙara ba takalmi, ranar bai ci abinci ba. Da ka ce Faransa ta kawo musu ɗauki, sai ya ce, "Faransawa? Waɗannan dai namu?" Sati uku kuna gardama.

Kun kai Yorktown, inda aka ritsa rundunar Ingila, jiragen ruwan Faransa sun tare teku. Da gangan ka tsaya a nan, ka ce mini a bar tsoho ya ɗan matsu.

Washegarin rasuwarka, ranar Juma'a, ina tsaye a ƙofar asibiti a Paris, wayarka tana aljihuna. Dangi sun ce kada a gaya wa mahaifinka sai ƙanensa Saley ya iso daga Maraɗi. Sai ga bip. Aka sake. A na uku na kira.

"Moutari, bar gaisuwa tukuna," in ji shi. "Ingilishin nan sun ba da kai?"

Abin da na sani ɗan kaɗan ne, shi ma a bakinka na tsince shi. Na ce, "Sun ba da kai, Baba. Sun ajiye bindigogi. Bayan shekara biyu aka sa hannu a takardar sulhu a nan Paris."

Ya yi hamdala, sannan ya ce:

"Wannan ba muryar ɗana ba ce. Wane ne?"

"Salmanu ne, Baba."

"To, Salmanu, da yana iya magana da bai bar wa kowa wannan wuri ba. Faɗa mini."

Na faɗa masa. Ka gafarce ni, Moutari, ban iya jiran Saley ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Ruwaida da ƴarka Hamdiya, da jama'armu ta Lyon da Paris, da dangi na Damagaram. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya, Ya ninka wa Malam Hassoumi nasa, shi da zai sauko daga masallaci Juma'a mai zuwa da waya a hannu.