Kujerar Da Aka Ɗauke A Jirgin Ruwa

Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni uwa ce mai 'ya'ya shida. A Ƙofar Rini cikin Sakkwato aka haife ni, nan na yi aure, nan kuma maigidana ya rasu ya bar ni. Ban yi boko da ƙuruciya ba, sai da na aurar da 'ya'ya uku sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka in an ga rubutuna ya karkace a yi mini uzuri. A unguwa an san ni da haƙuri da rashin ɗaga murya, in mata suka yi faɗa ni ake kira sulhu. Lokacin nan ina jin daɗin wannan shaida ƙwarai, ina ganin duk maganar da na haɗiye lada ce. Sai da na hau ruwa na gane akwai shirun da cuta ne.

Ɗiyata ta fari ita ce tushen labarin. Kamar yadda muka tarar iyayenmu na yi, ina yaye ta mahaifiyata ta ɗauke ta riƙo. Ita take kira Inna, ni kuwa Adda take ce mini har yau, kamar yayarta. Ban taɓa faɗin sunanta ba. In ina son kiranta sai in ce ke, in ina zancenta sai in ce waccan yarinya. Ban taɓa goya ta gaban mutane ba, ban taɓa sa hannu kwano ɗaya da ita ba. Ranar da ta gama makarantar jinya, ƙannenta suka yi ta guɗa, ni na shige madafa ina hura wutar da ba ta mutu ba. Ba ƙi ba ne, Allah shi ne shaida. Kunyar ɗan fari ce, haka aka yi mini, haka na yi. Daga baya ta samu aikin asibiti a Saudiyya, ita da mijinta da 'yan matansu biyu suka koma can.

Bara ta aiko mini da kujerar Umara. Bayan mun gama ibada muka sauka gidanta a Jidda, sai ta ce akwai sauran tsaraba, za mu yi kwana huɗu cikin jirgin ruwa a kan Bahar Maliya. Ni da iyakar ruwan da na sani shi ne na gadar Kwalkwalawa, na ɗauka babban kwalekwale ne mai rumfa. Da muka isa bakin teku na ɗaga kai har ɗankwalina ya zame ban ga ƙarshensa ba. Gari ne guda a kan ruwa, hawa bisa hawa, da kantuna da masallaci da wurin wasan yara. Aka ba kowa kati, aka ce shi ne makullin ɗaki. Ɗakina na kusa da nasu: gado fari fat har ina tsoron zama, tawul an naɗe shi siffar tsuntsu, masai kuwa in ka danna sai ya yi ƙugi kamar zai haɗiye mutum. Akwai 'yar baranda mai kujera biyu tana kallon teku. Ɗiyata ta nuna mini kujerun ta ce ta zaɓi ɗakin ne saboda su, ɗaya tawa ɗaya tata. Na ce Allah shi yi albarka, na juya ina neman inda zan aje butata.

Matsalar ta fara ne bayan magariba, da aka ce a sauka cin abinci. Ɗakin cin abincin ya fi filin makarantar unguwarmu, fitilu na lilo daga sama, kowane iyali da teburinsu mai lamba, kuma shi ne naku har a sauka. Namu kujera biyar ne. Wani ma'aikaci mai farar riga ya ja mini kujera, ya shimfiɗa mini ƙyalle a cinya, ya jera cokula har kala uku. Na ɗaga ido, sai ga surukina daidai gabana, ɗiyata a damana, kafaɗarta na taɓa tawa. Edita, ni da ko ruwa ban taɓa kurɓa gaban suruki ba, yaya zan buɗe baki in tauna kifi yana kallo? Aka kawo miya, aka ɗauke ta yadda aka kawo. Aka kawo shinkafa da naman rago, ƙamshi na shiga hancina, cikina na kuka, na ce jirgin ne ke juya ni. Alhali jirgin ko motsinsa ba a ji. Na tashi, babbar jikata ta raka ni ɗaki, na kwance ƙullin ƙuli-ƙuli da kilishin da na rage daga tsarabar da na kai musu, na ci na sha ruwa.

Washegari na ce bari in yi dabara. Na ji an ce can sama akwai wani wurin da mutum ke ɗaukar faranti ya zuba abin da yake so da kansa. Na fita ni kaɗai. Ƙofofin nan duk iri ɗaya, hanya doguwa ba ta ƙarewa, na shiga lifta ta kai ni wurin da maza ke gudu a kan inji ba su zuwa ko'ina, na sake shiga ta kai ni wurin wanka. Da ƙyar na isa. Abinci kuwa sai wanda ya gani: burodi iri-iri, ƙwai, wake, 'ya'yan itacen da ban san sunansu ba, ga wani famfo da madara mai sanyi ke fitowa. Na cika faranti, na samu lungu bayan wani ginshiƙi, na yi bismilla, lomar farko tana hannuna sai na ji sallama a kaina. Surukina ne da kofin shayi, yana murna wai Hajiya ta warke. Na aje lomar, na ce jikokina na ɗebar wa. Bawan Allah ya gane. Mutumin kirki ne, mai barkwanci, ya ce shi dai ya san laifinsa a jirgin nan shi ne fuskarsa, don haka daga yau zai riƙa cin nasa a sama, ni da ɗiyata da yara mu riƙe teburin. Na ce Allah shi kiyaye in raba magidanci da iyalinsa. Gaskiyar da ban faɗa ba ita ce, ko ya tafi, zama gaba da gaba da ɗiyar fari muna ci muna hira shi ma nauyi yake mini. Daga ranar sai ya sa a riƙa kawo mini abinci ɗaki a kan tire. Na ji daɗi, na ce an huta. Ashe ramin da zan faɗa ne aka gyara mini.

Haka kwanakin suka tafi. Ɗiyata ta ƙwanƙwasa ta ce in zo mu ga masu wasa a babban zaure, ta kama mana wuri. Na je, amma da na ga ta bar kujerar kusa da ita, sai na tura yaran tsakaninmu. 'Yan wasa suna lilo a jikin ƙyalle daga rufi, wani mai dabo yana fito da tantabaru daga hula, mutane na tafi, ni ma abin ya burge ni har dariya ta taso mini, na danne ta da gefen mayafi don kada ta gani. Da ta tambaye ni ko ya yi kyau, na ce ba laifi. Ta kawo shayi baranda da hantsi, na ce iska na sa ni mura. Ta ce mu je mu ga inda ake gasa kifi a gaban mutum, na ce ina da lazimi. Ranar kwana na uku ta kawo mini ɗinki, atamfa ruwan ganye, ta ce anko ta yi mana mu biyar tun daga gida, don a ranar kowa ke yin ado, mai hoto na zagaya tebura. Na sa kayan, sun zauna mini kamar an gwada. Na tsaya gaban madubi, na zauna bakin gado, na tashi, na kama ƙofa, na saki. Ta aiko yarinya sau biyu. Na ce a ce mata ina zuwa. Ban je ba.

Yammacin ƙarshe zuciyata ta dame ni, na ce yau ko me za a yi sai na zauna a teburin nan, ko da ruwa ne in sha. Na sake sa ankon, na bi lambobi a hankali yadda malamarmu ta koya mana, na isa ba tare da na ɓata ba. Daga bakin ƙofa na hango su. Kujera huɗu ce. An ɗauke tawa, an matsa sauran sun cike wurin, kamar ba a taɓa aje ta biyar ba. Ma'aikacin nan ya gan ni ya taho da sauri, na ɗaga masa hannu na juya. Ina shiga lifta hawaye suka zubo, ina jin haushin jirgin, da teburinsa, da cokulansa, da wanda ya ƙirƙiro cin abinci ana kallon juna. Kowa na ɗora wa laifi ban da kaina.

Da safe, jirgi na komawa Jidda, ta shigo haɗa mini kaya. Ta ga tiren jiya ban taɓa ba, ta ga ankon a kan gado. Tana ninke zannuwa, ba ta dube ni ba, ta ce ita ta sa a ɗauke kujerar, don ta gaji da yaranta na tambayarta ko kakarsu fushi take da su. Ta ce Adda, ba teku na kawo ki gani ba. Ta ce a Sakkwato in ta zo ina shigewa madafa, a gidanta ina fakewa da yara, shi ya sa ta nemi wurin da babu madafa, babu maƙwabta, babu mai cewa na yi rashin kunya, ko Allah zai sa mu ci abinci tare sau ɗaya. Ta ce tun da Inna ta rasu ba ta da wanda za ta kira uwa, kuma ta kai shekara arba'in ba ta san yadda sunanta yake a bakina ba. Ta aje zanen hannunta tana jira. Sunan yana kan harshena, wallahi yana nan. Abin da ya fito shi ne, Allah shi yi miki albarka, ki yi haƙuri. Ta ce ba komai, ta ja zip ɗin jaka.

Da can duk Juma'a sai ta kira ni ta waya mai hoto. Bayan na dawo sai ya zama mijinta ke kira, ya gaishe ni ya miƙa wa yara, ita tana wurin aiki ko tana barci. Sun aiko mini da hoton ranar anko: mutum huɗu cikin ruwan ganye, da kujera ɗaya ba kowa. Na kai wa malamarmu ta yaƙi da jahilci, wata 'yar Zuru da muka saba, na ba ta labari. Ba ta rarrashe ni ba. Ta ce Hajiya, kin koyi rubuta sunan gwamna da na shugaban ƙasa, sunan da kika sha wuya kika haifa ne ya gagare ki? Na ji zafin maganar har kwana biyu ban je aji ba.

Juma'ar da ta wuce na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, na jingina waya a jikin kwano, na kira ɗiyata da kaina. Da ta ɗauka na yi bismilla, na kai loma baki tana kallo, na haɗiye, sannan na kira sunanta. Ya fito. Can sai ta matso da fuskarta ta ce Adda, lafiya? Ko likita ya faɗa miki wani abu ne kuke ɓoye mini? Edita, wannan tambaya ta fi ɗauke kujerar ciwo. Na kai ɗiyata inda in na nuna mata so, sai ta ɗauka mutuwa zan yi.

Ban ce a yar da kunya ba, ado ce, kuma har gobe ba zan tauna nama gaban surukina ba. Amma 'yan'uwana mata, musamman mu na nan ƙasar Sakkwato, ku sani 'ya'yan yanzu ba su iya karanta shiru yadda muka karanta na iyayenmu ba. Abin da kike kira kawaici, ita ƙi take gani. In ɗiyarki ta ja miki kujera, a jirgi ne ko a kan tabarmar tsakar gida, ki zauna tun ba a ɗauke ba. Ni dai na ce mata lafiyata lau, yunwa ce kawai ta shekara arba'in. Ba ta yi dariya ba, amma ba ta kashe wayar ba har na cinye tuwon.