Ihun da na ji a gonar shinkafa

Bana shekara talatin da tara ke nan da muka binne ƙanwata Biba a Gaya, garin da ba nata ba. Ni yayanta ne, kuma akwai maganar da na riƙe tun daga lokacin, ta tsufa tare da ni.

Zamanin mulkin soja ne, lokacin da kowa ke kiran kowa kamarad, wato abokin gwagwarmaya. Biba mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, tana noma ɗan filin shinkafa a Garu, kusa da nawa. Duk wanda ya san aikin ya san idan shinkafa ta fara nuna, tsuntsu ne abokin gaba. Tun hantsi har la'asar kowa yana kan gonarsa yana jan igiyar gwangwanaye, yana kurma ihu don korar jan-baki. Fadama gaba ɗaya ihu ce.

Wata ranar Talata da azahar na ji muryar Biba. Na gane ta sarai, sau uku, kuma ta fi ta kullum tsawo. Na ce a raina yau tsuntsaye sun matsa mata, na ci gaba da jan igiyata. Ashe mutumin da ke rabon filaye ne ya same ta ita kaɗai ya yi mata fyaɗe.

Biba ba ta ɓoye ba. Ta faɗi sunansa, aka tara dattawa a ƙofar gida. Wani ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani ya tambayi abin da ya sa mace marar miji take zama ita kaɗai a gona, kamar shi zai kore mata tsuntsun. Sai babbansu ya ce, "In ba da sonta ba na, don mi ba ta yi kuwwa ba? Akwai wanda ya jiya?"

Ina zaune a wurin. Filina a hannun mutumin yake, ina da iyali, na sunkuyar da kai. Aka raba goro, aka ce a rufa asiri.

Da aka watse ta tare ni a zaure, ta ce, "Yaya, kai ma ba ka jiya ba?" Na ce mata ta yi haƙuri. Ba ta sake tambayata ba.

Daga nan mata suka daina kiranta aikin gayya. Mutumin kuwa yana sahun gaba a masallaci. Kafin damina ta ɗauki 'yarta ta ƙetare gada zuwa Gaya, bayan shekara biyu zazzaɓi ya tafi da Biba. Ni na riƙe filina, na ci shinkafarsa, ba ta taɓa yi mini daɗi ba.

Ina tambayar kaina me Biba za ta ce da yau. Ta yiwu ta yi murna da ganin 'yan mata suna zuwa wurin jandarma da ƙafarsu su kai ƙara. Amma watan jiya a tashar 'yan babur ta Malanbil na ji ana labarin wata yarinya da aka yi wa fyaɗe, wani saurayi da ba a haifa ba a zamanin Biba ya ce, "To mi ya kai ta can?" Tambayar nan ba ta mutu ba, ta bar jikoki. Na ce masa ya tambayi abin da ya kai namijin. Ya yi dariya ya ta da babur ɗinsa.

Biba ba ta bar hoto ba, filinta ma wani ke nomawa. Abin da ya rage shi ne 'yarta, wadda ta girma tana jin ana raɗa cewa uwarta ce ta nema. Ranar Juma'a na je Gaya na zauna gabanta na gaya mata komai. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba.

Dattawan duk sun rasu, amma tambayarsu tana nan ba a amsa ba, to ga amsar. Biba ta yi ihu, sau uku. Ni na ji.