Sabon Babba Tsakanin Bene da Bishiya

Tun safe yake kai-komo a barandar ma'aikata, kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Dogo ne, furfura ta fara cin gemunsa, sabon takalminsa na ƙara duk inda ya taka. Da gani bai daɗe da samun ƙarin girma ba, don idan masinja ya ce "ranka ya daɗe", sai ya waiga ya ga ko da wani ake.

A gindin bishiya ƙananan ma'aikata sun taru, suna hayaniya kan alawus ɗin da aka ƙara wa manya aka tsallake su. A bene kuma manya na taro, an ce duk babban da aka gani wajen bishiya zai amsa tambaya. Ya hau matakala, ya sauko, ya gyara hula. Wataƙila maiɗakinsa ta riga ta sa rai da ƙarin. Wataƙila masu hayaniyar nan da su ya ci kwano ɗaya shekara da shekaru.

Wani direba ya hango shi. "Yallaɓai, ka hau mana, kada shayinku ya huce."

Aka yi dariya, ban da shi. Ya dubi tagar bene, inda wani ya ɗaga labule, sannan ya nufi bencinsu.

"Matsa min, ɗan'uwa," in ji shi.

Direban ya daɗe yana kallonsa kafin ya matsa, kaɗan.