Ranar da Kakata Ta Amsa Sunanta a Lugu

Ko da zan manta da komai na ƙuruciyata, ba na jin tafiyar da muka yi Lugu ni da kakata za ta fita daga raina. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuma sabon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi.

Kakata a Dumega ta girma, can ta yi aure ta haihu, amma ba ƴar can ba ce. Tana ƙarama sojojin Turawa suka afka wa Lugu, mutane suka watsu cikin daji, hannunta ya suɓuce daga na uwarta. Wasu Fulani makiyaya ne suka tsince ta, suka raɗa mata sunan da duk muka san ta da shi. Na yanka kuwa ta ce ya ɓace mata. Abin da ta riƙe kawai shi ne gidansu yana kusa da rijiya, kuma tana da yaya mai cindo a hannun hagu.

Da na je hutu bayan girbi, sai ta kama rigata ta ce, "Maigida," don haka take tsokanata, "an ce Nasara sun tahi. To, ka kai ni in ga garinmu tun idona na gani."

Na ji tsoron tafiyar. Ta tsufa ƙwarai, hanya ba kyau, kuma idan muka je ba wanda ya san ta fa? Na gaya mata haka. Ta ce, "In ba su san ni ba, ni in san ƙasar."

Babbar mota ta kai mu Matankari, daga nan aka ara mana jaki. Tana bisa, ina jaye da shi cikin rairayi, sabara da kalgo dama da hagu, jajayen duwatsu a gabanmu. Rana ta fara karkata muka hango rumbuna da bukkoki a gindin tudu. Ƙaramin gari ne, shiru, sai amon dakan turmi. A Dogon Dutsi mutane kan yi maganarsa ƙasa-ƙasa, wai garin iskoki. Ni dai abin da na fara tararwa wata mata ce da ta aje tulunta ta miƙo mana ruwa tun ba ta tambayi daga ina muke ba.

Aka shimfiɗa mana tabarma gindin gawo, tsofaffi suka kewaye mu. Kakata ta ba da labarinta. Suka saurara, suka girgiza kai. Wani ya ce yaran da suka ɓace a shekarar nan suna da yawa, rijiyar ma ta daɗe da rushewa. Na ga kafaɗunta sun sauka. Har na fara tunanin yadda zan lallashe ta a hanya.

Sai wani tsoho makaho ya ɗago kai. "Kin ce cindo? Hannun hagu?"

"I, hagu."

"Wagga mai cindo ta rasu, damina ta yi nisa. Amma ɗiyatta na nan. Ku kira ta."

Wata mata ta miƙe ta leƙa bisa danga, ta ƙwala kiran wani suna da ban taɓa ji ba. Kafin a amsa daga cikin gida, sai kakata, da ke zaune kusa da ni, ta ce, "Na'am!"

Ta faɗe shi da wata siririyar murya kamar ta yarinya. Ita kanta ta razana, ta rufe baki da hannu.

Matar da aka kira ta fito, dattijuwa ce, hannunta duk dusa. Aka gaya mata abin da ke faruwa. Ta tsaya tana kallon kakata, sannan ta durƙusa ta riƙe ƙafafunta. "Inna, sunanki na aka sa mini. Uwata ba ta taɓa yarda a ce kin mutu ba. Duk baƙon da ya zo sai ta tambaye shi."

Kakata ba ta yi kuka nan da nan ba. Sai shafa fuskar matar take yi tana maimaita sunan a hankali. Ni ne na kasa daurewa, na juya baya ina share ido da hula.

Mun yi kwanaki a garin. Aka zagaya da ita inda gidansu yake dā, aka nuna mata dajin da suka ɓuya, aka kai ta kabarin yayarta. Kowane gida sai ya aiko da fura ko tuwo, har jakin aro ya yi ƙiba. Ni ma da na zo rakiya, sai ga yara suna ce mini kawu.

Damina biyu ta ƙara a duniya, kuma har ta rasu dangin Lugu ba su daina zuwa Dumega ba. Ina gode wa Allah da ya sa na kai ta a kan lokaci, ina gode wa mutanen nan da suka riƙe gurbinta tsawon rai guda. Tun daga ranar na gane cewa in tsoho ya ce a kai shi wani wuri, a tashi a kai shi yau. Ba ka san wanda ke can yana jiransa ba.